Ƙararrawar Bompai: Waiwaye Kan Makarantar 'Yan Mata ta St. Louis a Kano

Duk wanda ya taɓa yin sammako a Bompai a shekarun da masana'antun Kano suke cikin ganiyarsu, ya san cewa bayan ladanai sun yi kiran assalatu, gari ya fara wayewa, sauti biyu ne suke biyo baya: jiniyar kamfani, mai kiran leburori su karɓi inji daga hannun 'yan aikin dare, da kuma ƙararrawar makarantar 'yan mata ta St. Louis, wadda ba ta kai jiniya amo ba, amma ga shi ta fi ta tsawon rai. Ni da nake zaune a Sharada, ina kuwa wucewa kullum ta gaban manyan ƙofofin ƙarfe waɗanda tsatsa ta cinye, ciyawa ta rufe harabarsu, na daɗe ina tunanin yadda aka yi makarantar Kirista ta samu gindin zama a gefen birni irin Kano, wanda Musulunci ya kafu a cikinsa tun zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, har ta kai ga iyaye masu salla da azumi suna ɗaukar 'ya'yansu mata da hannunsu suna miƙa wa Sistoci amana. Wannan al'amari bai faru dare ɗaya ba, bai kuma faru ba tare da gardama ba, saboda haka ya cancanci a bi shi daki-daki.

Mafarin zancen yana shekarar 1900, watau shekara uku kafin Nasara su ci Kano da yaƙi. A cikin wannan shekara ne wata 'yar tawaga ta Turawan mishan na ƙungiyar C.M.S., bisa jagorancin Bishop Tugwell, cikinsu har da wani matashin likita mai suna Walter Miller, ta keto daga kudu ta iso birni, da niyyar neman izinin zama da buɗe makaranta da ɗakin magani. Sarkin Kano Alu bai yi musu rufa-rufa ba: ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su bar masa gari, suka juya zuwa Girku ta ƙasar Zazzau, inda ɗayansu ya riga mu gidan gaskiya. Da Turawan mulki suka shiga Kano a watan Fabrairu na 1903, sa'an nan suka wuce Sakkwato a watan Maris, Gwamna Lugga ya ɗauki alkawari a bainar jama'a cewa gwamnatinsa ba za ta sa hannu cikin sha'anin addinin mutane ba, Razdanonin da suka biyo baya kuma suka fassara wannan alkawari da cewa ba za a bar 'yan mishan su kafa tasha a biranen sarakunan Musulmi ba. Wasu suna cewa cika alkawari ne ya sa su haka, wasu kuma suna cewa tsoron tarzoma ne da son mulki ya tafi lami lafiya, ni kuwa a ganina duka biyun sun taru, domin ba safai maslahar mai mulki take rabuwa da alkawarinsa ba matuƙar alkawarin yana yi masa amfani.

Saboda haka ilmin boko bai shigo Kano ta hannun mishan ba, kamar yadda ya shiga Ikko da Abekuta da Kalaba, sai ta hannun gwamnati da En'e. Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, shi ya buɗe makarantar Nassarawa a 1909, alhali kuwa shi kansa da rigar mishan ya fara zuwa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati. Daga nan aka samu Kwalejin Katsina a 1922, da Midil ta Kano a 1927, da makarantar Shahuci a 1928, da makarantar koyon shari'a a 1934. Waɗannan duka na maza ne.

Amma ƙofar da aka rufe ta gaba, jirgin ƙasa ya buɗe ta ta baya. Da layin dogo ya iso Kano a 1911, ya zo da akawuna da masu buga waya da makanikai da 'yan kasuwa daga kudancin Nijeriya da Saliyo da Gwalkwas, galibinsu Kiristoci, aka yanka musu Sabon Gari a bayan ganuwa, suka gina majami'unsu, kowace majami'a kuwa da 'yar makarantarta a jikinta, domin a wurinsu karatu da ibada Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. A Zazzau kuma, duk da wancan hani, Likita Mila, watau Walter Miller ɗin nan, ya samu zama cikin birni tun 1905, daga baya aka mai da aikinsa Wusasa a 1929, aka gama fassara Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932, wannan ɗan ƙauye kuwa shi ya yaye Dokta Dikko, likitan farko daga 'yan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, da Janar Yakubu Gowon. Kanawa suna jin labarin Wusasa da kunne biyu, ɗaya na sha'awar irin ilmin da ake samu a can, ɗaya na fargaba, tun da yake an san cewa cikin yaran da suka shiga hannun Likita Mila akwai waɗanda suka bar addinin iyayensu. Wajibi ne mai rubuta tarihi ya yi insafi a nan: malaman da suka yi ta gargaɗi game da makarantun mishan ba tatsuniya suke yi ba, domin ɗan mishan bai taɓa ɓoye cewa yaɗa addininsa ne ya raba shi da garinsu ba. Sai a shekarun 1930 aka fara sassauta takunkumin, mishan ɗin S.I.M. ya karɓi aikin jinyar kutare a Yadakunya, ya buɗe asibitin ido a Kano a 1943, mutane suka fara ganin Baturen mishan a matsayin mai magani kafin su gan shi a matsayin mai wa'azi.

To, a ina 'ya mace take cikin wannan duka? Abin kunya ne a faɗa, amma gaskiya ɗaya ce: tana baya ƙwarai. Ba kuwa Musulunci ne ya ajiye ta a can ba, domin Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kakkausan suka ga malaman da suke karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu cikin duhun jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta kafa tsarin 'Yan Taru, tana tura jajoji ƙauye-ƙauye suna karantar da mata har ta rasu a 1864. Al'ada ce da sakaci suka rinjayi wannan sunna mai kyau, gwamnatin Nasara kuma ba ta ga ribar kashe kuɗi a kan wadda ba za ta zama akawu ko malamin haraji ba. An dai buɗe wa 'yan mata 'yan cibiyoyi a Kano da Katsina a 1930, ana koya musu karatu kaɗan da ɗinki da tsabta, yarinya kuwa ba ta daɗewa za a zo a ɗauke ta a yi mata aure.

Cikin wannan hali ne Sistocin St. Louis suka sauka Kano a 1948, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Asalin ƙungiyarsu daga Faransa yake, inda wani limamin Katolika mai suna Bautain ya kafa ta a garin Juilly a 1842, amma a ƙasar Ailan ta yi rassa, bayan da mata uku daga cikinsu suka isa garin Monaghan a 1859, daga can ne kuma aka turo su Gwalkwas a 1947, Nijeriya a shekara mai bi mata. Yana da kyau mai karatu ya lura da ko su wane ne mutanen Ailan, domin ba Ingilishi ba ne, hasali ma sun sha mulkin mallakar Ingila ɗaruruwan shekaru, an taɓa hana su buɗe makarantun addininsu, yunwa ta kashe su ta kore su daga ƙasarsu a shekarun 1840, ba su kuma samu mulkin kai ba sai 1922. Mutumin da aka taɓa hana kakansa karatu yana riƙon alli da wata irin himma wadda ɗan gata bai san ta ba. Kano ce masaukinsu na fari a Nijeriya, daga nan aikinsu ya bazu zuwa Jos da Zonkwa da Ondo da Akure da Ibadan, a Kano kuwa suka fara da ƙananan yara, sa'an nan aikin ya girma ya zama makarantar sakandare ta 'yan mata a Bompai, yayin da limaman Katolika suka kafa ta maza mai sunan St. Thomas.

Akwai wani abu game da sunan nan da ba na iya wuce shi. Waliyyin da ake kira St. Louis shi ne Luwis na Tara, Sarkin Faransa, wanda ya ɗauko rundunar 'yan Salibiyya ya auka wa Masar, Musulmi suka karya shi suka kama shi a 1250, aka tsare shi a Mansura har aka fanshe shi, sa'an nan ya sake ɗaura yaƙi ya mutu a bakin Tunis a 1270. Ikon Allah ke nan, Mai jujjuya zamani yadda Ya so: sunan da ya zo wa Musulmin Masar da takobi, bayan shekara wajen ɗari bakwai ya zo wa Musulmin Kano da littafi da allura da zare, 'ya'yan alƙalai da na attajirai suna amsa shi suna alfahari.

Bompai ɗin da suka zauna a cikinta ba ta cika kamar yau ba. Gefen gari ce, kusa da barikin 'yan sanda da gidajen Turawa, a lokacin da arzikin Kano yake kan gyaɗa da fatu, dalar gyaɗa tana tsaye a bakin tashar jirgi, sunan Alhassan Ɗantata yana tashe. Makarantar tana girma masana'antu suna tsirowa kewaye da ita, na matsar mai da na saƙa da na alewa da na takalma da na kwanon ruwa, Bompai ta cika aka buɗe Sharada, Sharada ta cika aka nausa Challawa, inda manyan majemu suka yi sansani a bakin kogi. Waɗannan kamfanoni su suka tara irin mutanen da suka fara cika azuzuwan Sistoci: 'yar akawun reluwe Bayarabe, da 'yar makaniki Inyamuri, da 'yar ɗan sanda daga Binuwai ko kudancin Zazzau. Sannu a hankali ma'aikatan En'e da 'yan kasuwar birni, waɗanda suka ga yadda 'ya'yan abokan aikinsu suke fita su zama malaman asibiti da na makaranta, suka fara kai nasu. Zamanin ma ya taimaka, domin a lokacin ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano suke ta kiran a ilmantar da mata, Malam Isa Wali kuma ya tayar da muhawara a jarida a 1956 kan matsayin mace a Musulunci.

Wanda yake son sanin haƙiƙanin irin wannan makaranta, kada ya tsaya ga shekarar kafuwa da sunayen shugabanni, sai ya dubi yadda yini yake wucewa a cikinta, domin tarbiyya ba a huɗuba take ba, a maimaici take. Tsarin makarantun kwana na mishan kusan iri ɗaya ne ko'ina. Ƙararrawa ce sarauniya: ita take tayar da yarinya tun da duhu, ta ɗauki bokiti ta yi wanka da ruwan sanyi ko da hunturu ya tsananta, ta gyara gado, ta share rabonta na fili, domin kowace ɗaliba da inda aka yanka mata, 'yar sarki da 'yar lebura tsintsiya ɗaya suke riƙewa. Sa'an nan a yi sahu a taron safe, a duba farce da kitso da guga, a yi addu'a, shugabar makaranta ta karanta sanarwar ranar: wadda ta ci gasa a tafa mata, wadda ta yi laifi a kira sunanta, in an yi rasuwa a gidan wata a yi mata ta'aziyya baki ɗaya. Bayan Turanci da lissafi da tarihi da labarin ƙasa da kimiyya, akwai girki da ɗinki da kiwon lafiya, da yamma a fita wasa, da dare a koma aji a yi bitar karatu cikin shiru har ƙararrawar barci. Abu guda da nake jin zafinsa, wanda kuma ya game da yawa daga makarantun wancan zamani, na gwamnati da na mishan, shi ne dokar hana yaro magana da harshen uwarsa, har a ci shi tara don ya yi Hausa. An samu Turanci mai kyau, amma an biya shi da tsada.

Shekara ma tana da nata zagayen. Akwai ranar da sababbi suke zuwa da akwatin ƙarfe mai ɗauke da garin kwaki da sukari da ƙuli-ƙuli, idanu sun yi ja don kukan rabuwa da gida. Akwai ranar ziyara, wadda ita ce ƙaramar salla a wurin 'yar makarantar kwana, iyaye su zo da kwanukan tuwo da dambun nama, a baje tabarma a gindin itace, wadda ba a zo wa ba kuwa ƙawarta ta ja ta zuwa tabarmar gidansu, a nan ne 'yar Sabon Gari take fara sanin miyar kuka, 'yar birni kuma ta fara ɗanɗana sakwara. Akwai gasar guje-guje tsakanin gidajen kwana, kowane gida da launin tutarsa, da muhawara da wasan kwaikwayo, da waƙoƙin Kirsimeti gab da hutun ƙarshen shekara. Wani lokaci azumin Ramalana yakan haɗu da azumin Kirista na kwana arba'in, kowa ya ga yadda ɗan'uwansa yake horon ransa saboda Ubangiji. Sa'an nan ga babbar jarrabawa ta hukumar Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, tana zuwa daidai lokacin da bazara take ba damina wuri, bayanta kuma ranar raba kyaututtuka, a gayyato manyan gari, shugaba ta karanta rahoton shekara. Ire-iren waɗannan labarai, waɗanda ake rubutawa a littafin ajiyar makaranta da mujallar ɗalibai, mutum yakan raina su, alhali kuwa su ne shaidar cewa 'ya'yan Musulmi da na Kirista sun yi shekara da shekaru suna ci a kwano ɗaya a garin nan.

Ban ce babu saɓani ba. Tambayar inda yarinya Musulma za ta yi salla, da wanda zai karantar da ita addininta, da irin suturar da za ta sa, tambayoyi ne na haƙƙi, an kuma yi ta jan su a makarantun mishan na Arewa duka, har manhajar gwamnati ta tabbatar da darasin addinin Musulunci da na Kirista kowanne ga masu shi. Abin da nake cewa shi ne, uba Bakano da ya kai 'yarsa Bompai ya ƙulla wata yarjejeniya ce da Ahlul Kitabi, ko da ba a rubuta ta ba: ku ba ta ilmi da ladabi, ku bar mata imaninta. Da a ce ana yawan cin wannan amana, da labari ya game birni tun da wuri, da kuma ba a ga uwa ta gama ta kawo 'yarta, 'yar ta gama ta kawo jika ba, domin Bakano ba ya mai da hannu ramin da aka sare shi.

Makarantar ta ga tashin hankali iri-iri: rikicin Kano na watan Mayu 1953, da kashe-kashen 1966 waɗanda suka kwashe mutanen Gabas daga Sabon Gari suka bar kujeru wayam a azuzuwa, da yaƙin basasa, da fitinar Maitatsine a Disamba 1980, da tarzomar Oktoba 1991, har zuwa ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, da bama-bamai suka tashi a hedkwatar 'yan sanda ta Bompai. Ta kuma ga zamanin da gwamnatocin soja suka karɓe makarantun mishan a farkon shekarun 1970, aka sauya musu suna: a Kaduna St. John's ta koma Kwalejin Rimi, Queen of Apostles ta koma Sarauniya Amina, a Zariya St. Paul's ta koma Kufena. Hujjar gwamnati a lokacin ita ce haɗa kan ƙasa bayan yaƙi da daidaita ilmi tsakanin 'yan ƙasa, hujja ce kuwa mai ƙarfi, sai dai karɓar gini ya fi riƙon tarbiyya sauƙi, duk wanda ya ga halin da da yawa daga waɗannan makarantu suka shiga daga baya ya san haka. Ta Bompai dai har yau tana amsa sunanta na asali, Sistoci 'yan Nijeriya sun gaji na Ailan. Masana'antun da suka kewaye ta kuwa, tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, da matsalar wutar lantarki, da kwararowar kayan waje, da yawansu sun rufe, ma'aikacin da a da albashinsa yake isa ya kai 'yarsa makarantar kirki, yau yana neman na cefane.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tsoron kada wannan tarihi ya bi jiniyar kamfani. Matan da suka shiga makarantar nan a shekarunta na farko sun tsufa, kullum ana rasa su, takarda kuwa gara da ɗigon rufi ba sa jin tausayinta. Ina roƙon hukumar makarantar da ƙungiyar tsofaffin ɗalibanta, haka kuma na St. Thomas da sauran makarantun majami'u na Sabon Gari, su tattara rajistar shiga da littattafan ajiya da mujallu da hotuna, a ɗauki kwafinsu a kai Gidan Ɗan Hausa da Gidan Mambayya da Gidan Arewa na Kaduna, inda ɗalibin tarihi zai same su. Ina kuma roƙon malaman Jami'ar Bayero su tura almajiransu su zauna da waɗannan iyaye mata, Musulminsu da Kiristansu, su ɗauki maganarsu da harshen da suka ga dama. Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan tsohuwa a gidanku, kada ka jira wani ya zo daga jami'a: ka je ka gaishe ta a makon nan, ka tambaye ta ranar da aka fara kai ta Bompai, ka rubuta abin da ta faɗa maka.